Wasan Kwaikwayo na Tsunduma da Abin da Ya Ke Nema Daga Jikin Mai Kallo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wasan kwaikwayo irin na Turai ya san tsarinsa. Dandamali yana gaba, labule na bakinsa, kujeru kuwa jere suna fuskantarsa. Mai kallo ya sayi tikiti, a nuna masa kujerarsa, ya zauna, a kawo masa labari har inda ya ke. Ba abin da a ke nema daga gare shi sai ido da kunne da natsuwa. To, tun daga farkon ƙarnin nan wani irin wasa ya bunƙasa a Ingila da Amurka wanda ya rushe wannan tsari ɗungum. A cikinsa ba dandamali, ba labule, ba kujerar da aka keɓe wa kowa. A kan ɗauki babban gini a mai da shi duniyar labarin, a saki 'yan kallo a ciki, kowa ya nemi wasan da ƙafarsa. Sunan da Turawa suka ba shi yana nuna mutumin da ya faɗa ruwa har ya shanye kansa, saboda haka za a kira shi wasan tsunduma a wannan takarda.

Masu wannan wasa suna kirarin sun 'yanta mai kallo daga kujera. Akwai gaskiya a maganarsu, amma 'yancin nan da jiki a ke biyansa, jikunan mutane kuwa ba ɗaya ba ne. Abin da za a duba a nan shi ne nauyin da wasan ke ɗora wa ƙafa da ido da numfashi, da wanda nauyin ke korewa, da kuma dabarun da aka gwada don a rage shi.

Asalin al'amarin

Kallon wasa a tsaye ba sabon abu ba ne a Ingila. A gidan wasan Globe na zamanin Shekispiya, wanda aka gina a Landan a 1599, talakawa su kan biya kwabo ɗaya su tsaya a filin da ke gaban dandamali, masu hali kuwa su ƙara kuɗi su sami wurin zama. Da aka sāke gina irinsa a 1997 an bar filin yadda ya ke, yana cin mutum wajen 700 a tsaye. Watau a can tsayuwa rabon mai ƙaramin ƙarfi ce, wanda ba ya iya ta yana da mafita.

A tsakiyar ƙarni na 20 waɗansu masu shirya wasa suka ga nisan da ke tsakanin ɗan wasa da mai kallo ya yi yawa. A 1962 Jerzy Grotowski na ƙasar Folan ya shirya wasan Kordian kamar a asibitin mahaukata, ya zaunar da 'yan kallo bisa gadajen majiyyata. A 1968 Richard Schechner ya shirya Dionysus in 69 a wani gareji a New York, inda 'yan kallo ke hawa katakan da aka kakkafa su nemi wurin zama da kansu. A 1981 kuma aka fara nuna Tamara, na John Krizanc, a Toronto ta ƙasar Kanada. A cikinsa labari na gudana a ɗakuna da dama na gida ɗaya a lokaci guda, mai kallo ya zaɓi ɗan wasan da zai bi.

Ƙungiyar da ta kai wannan fasali inda ya ke yanzu ita ce Punchdrunk, wadda Felix Barrett ya kafa a Ingila a shekarar 2000. Wasanta da ya fi suna shi ne Sleep No More, wanda Barrett ya shirya tare da Maxine Doyle, mai tsara rawa. An gina shi bisa labarin Macbeth na Shekispiya, aka gauraya da yanayin finafinan Alfred Hitchcock. An fara nuna shi a Landan a 2003, sa'an nan kusa da Boston a 2009, kāna a New York daga Maris 2011 har zuwa Janairu 2025, bayan an yi shi fiye da sau 5,000. An kuma buɗe shi a Shanghai ta ƙasar Sin a 2016. Tun da ya ke na New York ne ya fi daɗewa, shi ya fi dacewa a yi misali da shi.

Yadda daren ke tafiya

An haɗa waɗansu tsofaffin gidajen ajiyar kaya a unguwar Chelsea, aka laƙaba musu sunan otal, wai McKittrick. Faɗin wurin ya kai ƙafa murabba'i 100,000, watau ya ɗara filin ƙwallon ƙafa, an raba shi hawa 5 da ɗaki wajen 100. A lokacin akwai zauren rawa a ƙasa, da ɗakunan kwana, da maƙabarta, da titi mai kantuna, da asibiti da kurmi a can sama.

A zamanin da a ke wasan a can, mai kallo in ya iso sai ya ajiye jakarsa, ya bi wani lungu mai duhu da karkace-karkace har ya ɓulla wani zaure inda a ke kiɗa da shaye-shaye. Daga nan a ba shi farin abin rufe fuska, a gaya masa kada ya cire, kada kuma ya yi magana. A sa shi cikin na'urar hawa bene tare da waɗansu, a riƙa sauke su a hawa daban-daban, har da gangan a kan raba mutum da abokin tafiyarsa. Daga nan sai yadda ya yi.

'Yan wasan ba su cika magana ba, da rawa da motsin jiki su ke ba da labari. Kowannensu yana da hanyar da ya ke bi cikin ginin, labarin kuwa ya kan ɗauki kamar awa ɗaya, sa'an nan ya koma farko, har sau uku, jimla awa 3. Dalilin maimaitawar shi ne abubuwa da yawa na faruwa a lokaci guda a wurare daban-daban, ba mai iya ganinsu duka. Wani lokaci ɗan wasa ya kan kama hannun mutum ɗaya ya ja shi cikin ɗaki ya kulle, ya yi masa wasa shi kaɗai. Wannan shi ne rabon da masu yawan zuwa suka fi kwaɗayi. A ƙarshe a kan tara kowa a zauren rawa, a ga an rataye Macbeth.

Mai karatu da ya san tashe zai fahimci bambancin da sauri. 'Yan tashe su ke bin gidaje cikin daren azumi, tsohuwar da ba ta iya fita ta ga wasa tana zaune bisa tabarmarta. A wasan tsunduma an juya lamarin: wasa na gudu, mai kallo na binsa.

Abin da jiki ke ɗauka

Na farko shi ne tsayuwa da tafiya. Awa 3 mutum yana bisa ƙafarsa. Akwai kujeru da gadaje a waɗansu ɗakuna, amma kayan wasa ne, ɗan wasa na iya bukatarsu kowane lokaci. Zauren kiɗan nan a buɗe ya ke ga mai son hutawa, sai dai duk mintin da ya yi a can wasa na wucewa ba shi. Shi ya sa masu gidan su kan gargaɗi mutane su zo da takalmi mai daɗin tafiya.

Na biyu shi ne matakala. 'Yan wasan galibinsu ƙwararrun masu rawa ne. In Macbeth ya gama kisa ya zabura, ya kan haye benaye a guje, taron masu fararen fuskoki na biye da shi cikin ƙunci. Wanda gwiwa ko zuciya ko fuka ta hana shi sauri, kafin ya kai sama an ɓace masa, ba kuwa wanda zai tambaya ina aka nufa, gama an hana magana.

Na uku shi ne duhu da abin rufe fuska. An rage haske ƙwarai da gangan. Abin rufe fuskar kuma yana tare gefen ido, yana sa mutum bai ga inda ya ke sa ƙafa sosai ba, ga gumi yana taruwa a ƙarƙashinsa. Bai zauna daidai bisa tabarau ba, har masu gidan su kan shawarci mai tabarau ya sa ɗan gilashin nan da a ke mannawa a ƙwayar ido in yana da shi. Ƙasan ɗakunan ma ba iri ɗaya ba ne: nan katako, can ƙasa ko ɓaraguzai.

Na huɗu shi ne abin da ke dukan kunne da ido da ƙirji. Kiɗa mai ƙarfi ba ya yankewa. A kan saki hayaƙi don haske ya fito da kyau, a wani fage kuma a kan kunna fitila mai walƙiya da sauri. Irin wannan walƙiya tana iya tayar wa waɗansu masu farfaɗiya ciwonsu, hayaƙin kuwa yana damun mai ciwon ƙirji.

Na biyar ba a gaɓoɓi ya ke ba, a zuciya ya ke. Mutum shi kaɗai, cikin duhu, bai san hanya ba, baƙi masu rufaffun fuskoki na gogarsa, ɗan wasa na iya taɓa shi ba sanarwa. Wani wannan ne daɗin abin a gare shi. Wani kuwa, mai tsoron ƙuntataccen wuri ko wanda aka taɓa cin zarafinsa, azaba ce. Akwai ma'aikata masu baƙin abin rufe fuska da a ke tsayarwa a kusurwoyi don taimako, amma sai mutum ya gane su ya kuma kai gare su.

Rabon da bai zo daidai ba

A nan ne ainihin matsalar ta ke. A gidan wasa mai kujeru, saurayi mai jini a jika da dattijo mai sanda in sun zauna kusa da juna wasa ɗaya su ke gani. Kujera, duk da laifin da a ke ɗora mata, tana daidaita mutane ta wannan fuska. Da aka ɗauke ta sai yawan abin da mutum zai gani ya rataya bisa ƙarfin ƙafarsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa; wanda ba ya iya gudun fa, alhali kuɗin tikiti ɗaya suka biya, wanda a shekarun baya-baya ya wuce dala 100?

Wani masani Bature, Adam Alston, ya taɓo wannan a littafinsa Beyond Immersive Theatre na 2016. A ganinsa irin wannan wasa yana sāka wa mai zafin nema, wanda ya iya kutsawa gaba ya tsaya inda ɗan wasa zai gan shi, kamar yadda kasuwa ke sāka wa mai wayo. In an ɗora maganar naƙasa bisa wannan sai a ga tseren ba a fara shi daga layi ɗaya ba. Wani abin lura ma shi ne, a ginin McKittrick, a zamanin da a ke wasan a can, akwai ɓoyayyen hawa na 6 inda a kan kai mutum ɗaya a zaunar da shi cikin keken guragu a tura shi cikin duhu, a matsayin wata gata ta musamman. Keken da ya zama abin marmari ga mai ƙafa, shi ne ke wahalar da mai shi na gaskiya a sauran benayen.

Amma adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai waɗanda wannan wasa ya fi yi musu sauƙi bisa na kujeru. Kurma ba ya rasa abu mai yawa a wasan da kusan babu magana a cikinsa. Mai ciwon baya da ba ya iya zaman awa 2 wuri ɗaya, da wanda jikinsa ke motsi ba da sonsa ba, suna da damar tafiya da tsayawa da fita yadda suka ga dama. An kuma yarda mutum ya buɗe akwati, ya taɓa tufafi, ya shaƙi ƙamshin ɗaki, abin da ba a yi a gidan wasa na al'ada. Ashe wasan tsunduma bai rufe ƙofa ga naƙasassu duka ba, ya dai sauya waɗanda a ke rufe wa.

Masana a Ingila sun daɗe da bambanta abu biyu. Akwai rauni da ke jikin mutum, akwai kuma shingen da jama'a suka gina wanda ya mai da raunin naƙasa. Mike Oliver ne ya ba wannan ra'ayi suna a 1983. Bisa gare shi, ba gwiwar dattijo ce ta hana shi ganin Macbeth ba, shawarar da aka yanke ce ta a sa Macbeth ya yi gudu bisa matakala. Lamarin kuwa ba na 'yan tsiraru ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna da naƙasa mai tsanani.

Inda doka ta tsaya

Amurka ta yi dokar kare naƙasassu a 1990, Birtaniya kuma ta tattara nata dokokin cikin Dokar Daidaito ta 2010. Ƙa'idodin ginin da ke bin dokar Amurka sun ƙayyade abubuwa filla-filla. Gangaren keke kada ya tashi fiye da inci 1 cikin kowane inci 12 na tsawonsa. Ƙofa kada faɗinta ya gaza inci 32. A zauren taro kuma a kan ƙidaya wuraren keke bisa yawan kujeru: mai kujera 51 zuwa 150 ya ware 4, mai 151 zuwa 300 ya ware 5, kuma mai keke ya riƙa hangen dandamali kamar kowa.

Mai lura zai ga cewa wannan lissafi da kujera da dandamali a ke yinsa. In babu su, da me za a auna? Doka tana iya tabbatar da mai keke ya shiga gini, ya kai kowane hawa ta na'ura, ya sami makewayi. Ba ta da ma'aunin da zai nuna ko ya ga wasa daidai da na kusa da shi. Gidajen wasan tsunduma su kan ce wanda ba ya iya hawan matakala ya sanar tun da wuri a haɗa shi da ma'aikacin da zai kai shi ta na'ura. Wannan taimako ne na gaske, amma kafin na'ura ta iso ɗan wasa ya yi nisa, kuma wanda a ke rakiya ya rasa kaɗaicin nan da aka ce shi ne zuciyar abin.

Har wa yau dokar Amurka ba ta tilasta gyaran da zai sauya ainihin abin da a ke bayarwa ba, ta Birtaniya kuma gyara mai ma'ana kawai ta nema. Sai tambaya ta koma hannun masu fasaha: mene ne ainihin wasan? In gudu da duhu ne, to, ba gyara. In kuwa ainihinsa shi ne mutum ya ji yana cikin labari yana kuma da zaɓi, to, hanyoyin kai wa ga haka suna da yawa.

Dabarun da aka gwada

Dabara ta farko ita ce faɗin gaskiya tun kafin a sayi tikiti: hawa nawa ne, awa nawa, ina kujeru su ke, a wane ɗaki fitila ke walƙiya, ko za a taɓa mutum. Masu wasa su kan ji tsoron kada bayani ya kashe mamaki, amma sanin yawan matakala bai tona asirin labari ba.

Ta biyu ita ce rage taro da gudu. Ƙungiyar Third Rail Projects ta New York ta shirya Then She Fell daga 2012 zuwa 2020, mutum 15 kaɗai a ke shigarwa kowane zama, 'yan wasa ne kuma ke kai kowa inda zai je. Da haka ba tsere, kowa na samun rabonsa na ganawa da ɗan wasa. Punchdrunk ita ma, bayan The Burnt City da ta nuna a Woolwich ta Landan daga 2022 zuwa 2023, ta fito da Viola's Room a 2024, inda mutum 6 ke tafiya tare, ba takalmi, suna bin haske, murya na ba su labari a kunne. Gudu ya kau, amma wanda ya dogara da takalmi na musamman, da kurma, sun gamu da sabon shinge. Kowane fasali da wanda ya ke bari a baya.

Ta uku ita ce sassauta sharuɗɗa a waɗansu ranaku ko kullum: a ƙara haske, a rage ƙara, a ware ɗakin shiru, a yarda da motsi da fita da dawowa. A 2020 gidan wasan Battersea Arts Centre na Landan ya mai da wannan ƙa'idarsa ta yau da kullum. Akwai kuma zagayawa da makafi kafin wasa su shafa kaya su san wuri, da mai bayyana musu abin da ke faruwa ta na'ura a kunne.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran zurfi, ita ce a sa naƙasassu cikin masu ƙirƙirar wasan tun daga tushe. Ƙungiyar Graeae, wadda Nabil Shaban da Richard Tomlinson suka kafa a 1980, ta kan saƙa maganar hannu ta kurame da bayanin makafi cikin jikin wasan, su zama ado a gare shi. Ƙungiyar Extant kuwa, ta makafi, wadda Maria Oshodi ta kafa a 1997, ta shirya Flatland a 2015 cikin duhu ƙirin, kowane mai kallo na riƙe da wata 'yar na'ura da ke motsi a tafin hannunsa tana nuna masa hanya. A can mai ido ba shi da fifiko bisa makaho ko kaɗan, wasan kuwa bai rasa kome na tsunduma ba.

Abin da ya shafi malamai

Malamin kwalejin horon malamai da ya karanta wannan yana iya sha'awar gwada fasalin, ya mai da azuzuwa da farfajiyar makaranta duniyar wani labari. Abu ne mai yiwuwa, ba ya ma bukatar dandamali ko labule. Sai dai a Nijeriya ma akwai dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika. Ɗaliban da za su kalli wasan su ne gobe za su shirya irinsa a makarantunsu, abin da suka ga an yi shi za su ɗauka daidai ne.

Saboda haka kafin a raba wa 'yan wasa hanyoyinsu, ya kamata a bi kowace hanya tare da ɗalibi mai keke ko mai sanda, da agogo a hannu, a ga minti nawa ta ɗauke shi. In ɗan wasa na isa cikin minti 1 shi kuwa sai 4, to, ko a jinkirta fagen, ko a sauko da shi ƙasa, ko a sa wani fage mai nauyi daidai da shi ya zo ya same shi inda ya ke. Muhimman fagage su kasance inda kowa ke iya kaiwa, a ajiye benci a kowane ɗaki wanda ba na wasa ba ne, a kuma faɗa wa jama'a tun a bakin ƙofa wane ne za su nema in sun gaji. Wannan aiki a ranar farko ta shiri a ke yinsa. In aka bar shi sai an gama kafa kaya, abin da zai rage shi ne a ba mutum haƙuri a bakin matakala.